Tseren Motoci Da 'Yan Kallonsa A Ƙasar Hausa: Daga Bakin Hanya Zuwa Akwatin Telebijin



GABATARWA

A kudancin birnin Kaduna, idan mutum ya ƙetare kogi ya nufi Sabon Tasha, zai ratsa ta wata unguwa da ake kira Television. Sunanta sunan akwatin kallo ne, abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne babbar tashar mota. Kusa da ita, a Kakuri, nan aka kafa masana'antar harhaɗa motocin Peugeot, waɗanda muke kira Fijo, wadda ta fara aiki a cikin shekarar 1975. Watau a ɗan wannan yanki an haɗa abubuwa uku: mota, da hanya, da kallo. Waɗannan ukun su ne ginshiƙan wasan da za mu yi magana a kansa yau, watau tseren motoci.

Yawancin littattafan da aka rubuta a kan wannan wasa labarin direbobi da injuna suke bayarwa. Mu kuwa za mu juya ga ɗan kallo, mu tambaya: ina aka tsayar da shi, wa ya kare shi daga haɗari, kuma me ya samu? Abin da nake so in nuna shi ne, mutanen ƙasar Hausa da maƙwabtansu sun daɗe suna kallon manyan tsere na duniya, amma a mafi yawan lokaci ba a shirya tseren dominsu ba. Wannan tarihi yana da amfani a gare mu yanzu, tun da yake ana ta maganar kawo babban tseren duniya Afirka.

ASALIN WASAN DA MATSAYIN ƊAN KALLO

Kallon tsere ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da sukuwa da hawan salla, kuma Kaduna kanta ta ga manyan hawan daba, kamar wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, da wanda aka yi lokacin bikin FESTAC a 1977. A irin waɗannan taruka kowa ya san wurinsa. Akwai filin dawaki, akwai rumfar manya, akwai inda talakawa ke tsayawa, akwai kuma dogarai masu hana mutane shiga gaban doki. Gari ne ke da wasan, mahayan kuma 'ya'yan gari ne.

Tseren motoci kuwa a Faransa ya samo asali. A cikin 1894 aka yi gasa daga Paris zuwa Rouen, a bisa hanyar da kowa ke bi, jama'a na tsaye a gefe ba shinge. Haka aka yi ta yi har zuwa 1903, sa'ad da aka shirya tsere daga Paris zuwa Madrid. Haɗurran da aka yi a ranar farko, waɗanda suka ci rayukan direbobi da na 'yan kallo, sun sa hukuma ta tsayar da tseren a Bordeaux. Daga nan aka fara tunanin keɓe wa wasan fili nasa, kamar filin Brooklands da aka buɗe a Ingila a 1907. Keɓe fili ya kawo abu biyu: an sami damar yin shinge, an kuma sami damar sa ƙofa da karɓar kuɗin shiga. Ɗan kallo ya zama mai ciniki, wanda ake da haƙƙin kula da lafiyarsa.

Daga nan wasan ya rabu gida biyu. Akwai tseren kewayen fili, wanda ƙololuwarsa ita ce gasar Formula 1, da aka fara a filin Silverstone na Ingila ran 13 ga watan Mayu 1950. Akwai kuma tseren dogon zango, wanda ake kira rali, inda motoci ke tashi ɗaya bayan ɗaya, ana auna lokacin kowace, suna bin burji da daji da ƙauyuka.

Ko a cikin fili ma, sai da jini ya zuba kafin a gyara. Ran 11 ga watan Yuni 1955, a tseren Le Mans na Faransa, wata motar Mercedes ta yi tsalle ta tarwatse a cikin jama'a, ta kashe 'yan kallo fiye da 80. Saboda wannan ne ƙasar Suwizalan ta hana irin wannan tsere a ƙasarta fiye da shekara 60. Abin lura a nan shi ne, a Turai mutuwar ɗan kallo tana canja doka. Mu riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa.

HAMADA TA ZAMA FAGE

Tun kafin a yi tsere a ƙasashenmu, masu ƙera motoci sun gane cewa Sahara wuri ne na tallar kayansu. A cikin watan Oktoba 1924 kamfanin Citroën ya tura ayarin motoci daga kudancin Aljeriya domin su ratsa Afirka. Ayarin ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, ya nufi Tafkin Chadi, tare da masu ɗaukar hoto. Fim ɗin da aka yi aka nuna shi a Turai. Mutanen Tasawa sun fito kallon motoci, su kuma aka mai da su abin kallo. Wannan shi ne tsarin da ya daɗe yana maimaita kansa.

Shekara 50 bayan haka, babban tsere ya iso har Kano. A cikin watan Mayu 1974, domin murnar gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da za a yi a Jamus ta Yamma, aka shirya rali daga Landan zuwa Munich, amma ta hanya mai nisa: a ƙetaro teku zuwa Moroko, a ratsa Aljeriya da Nijar, a taɓa Kano, sa'an nan a juya arewa. An tsawaita wata hanya a Aljeriya bayan an riga an rubuta littafin da direbobi ke bi, saboda haka yawancinsu suka ɓace a cikin hamada, har da Stirling Moss, shahararren direban Ingila, wanda tserensa ya ƙare a can. Motoci 19 kaɗai suka kai Munich, biyar daga cikinsu ne kawai suka cika zangon duka. Waɗansu mutanen Ostareliya uku ne suka ci, a cikin motar Citroën.

To, mu dubi lokacin. A shekarun 1973 da 1974 fari da yunwa sun halaka dabbobi da mutane a ƙasashen Sahel. Ran 15 ga watan Afrilu 1974, watau makonni kaɗan kafin motocin su ratsa, sojoji a ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar, kuma batun abincin agaji na cikin dalilan da suka bayar. Wanda ya tsaya a bakin hanya ya ga waɗannan motoci, bai sayi tikiti ba, ba a kuma tambaye shi ba. Wasan ne ya same shi a ƙofar gidansa, ya bar masa ƙura, ya wuce.

ZAMANIN PARIS-DAKAR

Wanda ya mai da wannan abu na shekara-shekara shi ne wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine. A 1977 ya ɓace a hamada a bisa babur, a lokacin tseren Abidjan zuwa Nice, da aka ceto shi sai ya ƙudura niyyar shirya nasa tseren. Ran 26 ga watan Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Aljeriya zuwa Agadas da Yamai, sa'an nan Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, 74 daga cikinsu suka isa Dakar ran 14 ga watan Janairu 1979. A 1983 aka fara ratsa Tenere, hamadar da ayarin gishiri ke ƙetarewa zuwa Bilma tun zamanin kakanni, guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere wajen 40, sai da aka yi kwanaki ana nemansu.

Gaskiya ne Agadas ta ci moriyar abin. Sau da yawa a can ake yin ranar hutu, masu masauki da masu mai da makanikai da maƙeran azurfa su yi ciniki. Da ɗan gari kan ci gari: Abzinawa masu sanin hanya su ne idanun masu shirya tseren, kuma fitacce a cikinsu shi ne Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin yawon buɗe ido, daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995. Sunansa filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da shi. Shi kuwa Sabine ya mutu ran 14 ga watan Janairu 1986, sa'ad da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali, aka watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya tilo a cikin Tenere.

A cikin wannan shekara ta 1986 ne wani abu ya faru a Turai wanda ya shafe mu kai tsaye. Motocin rali na lokacin, waɗanda ake kira rukunin B, ƙarfinsu ya wuce kima, 'yan kallo kuma suna cika hanya. A Fotugal wata mota ta kauce ta kashe 'yan kallo uku, bayan wata biyu kuma direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka ƙone a tsibirin Corsica. Nan da nan hukumar wasan ta haramta waɗannan motoci daga ƙarshen shekarar. Kamfanin Peugeot, wanda ya kashe kuɗi mai yawa a kan motarsa ta 205, sai ya gyara ta ya kawo ta Sahara, ya ci tseren Dakar shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, sau uku a hannun Ari Vatanen na ƙasar Finlan. Motar da aka ce ta fi ƙarfin hanyoyin Turai, ita ce aka sako a hanyoyin Nijar da Mali.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a Mali, wata motar masu ɗaukar hoto kuma ta kashe uwa da 'yarta a Muritaniya. A wannan shekara jaridar fadar Paparoma ta soki tseren, ta kira shi nuna isa da dukiya a inda mutane ke mutuwa da yunwa da ƙishirwa. A 2006 an sake kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. An ɗauki matakai kamar ƙayyade gudu a cikin ƙauyuka, amma ba a taɓa dakatar da tseren shekara guda saboda mutuwar ɗan ƙasa ba. Abin da ya kore shi daga Afirka tsoron lafiyar baƙi ne. A shekarar 2000, saboda barazanar hari, aka kwashe 'yan tsere da motocinsu ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya bayan kisan waɗansu Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ya koma Saudiyya, ko da yake har yanzu sunan Dakar yake amsawa. Kasuwar Agadas ta kwana ɗaya ta tafi tare da shi, domin ba ta hannun mutanen Agadas take ba.

FIJO DA ARGUNGU

Mu komo gida Nijeriya. Darajar da Fijo ta samu a wurin direbobinmu tana da alaƙa da tsere, ko da mai haya a tashar Television bai san haka ba. A Gabashin Afirka akwai tseren Safari, wanda aka fara a 1953. Fijo 404 ta ci shi a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita kuma 504 ta ci a 1975 da 1978. Wannan nasara ita ce shaidar da kamfanin ke nunawa cewa motarsa ta iya gargada da taɓo. A daidai wannan lokaci, cikin arzikin man fetur, aka buɗe masana'antar Kakuri, gwamnatin soja kuma ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a wancan zamani, a cikin 'yar'uwar motar da ta ci Safari suka yi ta yawon rangadi.

Amma Kenya ta bambanta da Nijar a wani abu babba. Safari wasan 'yan ƙasa ne. Joginder Singh, ɗan Kenya, ya ci sau uku, Shekhar Mehta kuma ya ci sau biyar. A da ana yinsa lokacin hutun Ista, mutane su fita da iyalinsu su kwana a bakin hanya suna jiran wanda suka sani. Shi ya sa ko da aka cire shi daga gasar duniya bayan 2002, bai mutu ba, aka ci gaba da yinsa, har aka mai da shi cikin gasar a 2021.

Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne tseren motoci na Argungu. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Da bikin ya bunƙasa, musamman bayan Janar Gowon da Shugaba Diori Hamani sun halarta a 1970, sai aka ƙara masa wasanni, har da tseren motoci. A nan ɗan kallo shi ne mai gida: ya san ranar, ya san dalilin, sarkinsa ne ke zaune a rumfa. Sai dai tseren ya rataya ne a wuyan bikin, ba shi da ƙafafun kansa. Da aka daina bikin bayan 2009, shi ma sai ya kwanta. An farfaɗo da su tare a 2020, inda motocin da aka harhaɗa a Nijeriya suka tashi daga Abuja zuwa Argungu.

KALLO TA AKWATI

Ɗan kallo na uku shi ne na telebijin. Gidan telebijin na Jihar Arewa ya fara aiki a Kaduna a 1962, amma kallon manyan tsere kai tsaye sai da tauraron ɗan'adam ya yaɗu a shekarun 1990, sa'an nan intanet da wayar hannu suka biyo baya. Yau matashi a Barnawa ko Kakuri yana iya bin gasar Formula 1 tun daga farkon shekara har ƙarshenta, ya san sunan kowane direba da kowane fili. Nasarar Lewis Hamilton, baƙar fata na farko a gasar, wanda ya zama zakaran duniya sau bakwai tsakanin 2008 da 2020, ta jawo hankalin 'yan Afirka da yawa.

Amma gani ya kori ji, kuma wanda ke son ya gani da idonsa dole ya bar nahiyar. Gasar ta taɓa zuwa Moroko sau ɗaya, a 1958. Ta daɗe a Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata, har a 1985 kamfanonin Faransa biyu, Renault da Ligier, suka ƙaurace wa tseren Kyalami. Tun daga 1993 ba a sake yinta a Afirka ba. A 2024 an yi tsere 24 a sauran nahiyoyi, a watan Disamba na shekarar kuma Shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman a ba ta. Afirka ta Kudu ma na nema, kuma a 2025 an ji irin wannan magana game da Abuja.

Kafin a yi murna, ya kamata a san yadda cinikin yake. Ƙasar da ke karɓar baƙuncin ita ke gina fili, ita kuma ke biyan masu gasar miliyoyin daloli kowace shekara, kuɗin nunawa a telebijin kuwa nasu ne. Koriya ta Kudu ta gina fili ta yi tsere daga 2010 zuwa 2013, ta daina. Indiya ta yi daga 2011 zuwa 2013, ta daina. Biyetnam ta gina nata domin 2020, ba a taɓa yin tseren a kansa ba. Silverstone kuwa, inda dubban ɗaruruwan mutane ke taruwa kowace shekara, tana zaune ne a tsakiyar yankin da yawancin masu ƙera motocin gasar ke da masana'antunsu, da ƙananan gasanni inda yaro ke farawa.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga 'yan kallo iri uku. Na bakin hanya ya ɗauki haɗari, ba shi da murya. Na telebijin ya tsira daga haɗari, amma kuɗinsa waje yake tafiya. Na Argungu da na Kenya shi ne wanda wasan ke nasa, kuma irin wannan wasa ne kaɗai ke da tushen da za a iya komawa gare shi idan ya faɗi.

Sha'awar gudu tana nan a cikin samarinmu. Ana ganinta a wasan mota da babur da ake yi a titunan Kano da Kaduna da Katsina lokacin biki, wanda 'yan sanda suka sha haramtawa. A nan ma ɗan kallo da mai wucewa ne ke tsaye ba shinge, kamar mutanen Faransa a 1903. Hani kaɗai bai kashe sha'awar ba, sai dai ya mai da ita dare da bayan gari.

Saboda haka ga ma'aikatan da takardu ke bi ta teburinsu, aikin farko ƙarami ne: fili keɓaɓɓe a wajen gari, mai shinge da motar asibiti, ƙa'idoji da rajistar direbobi, tare da hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988, da tsayayyen lokaci na shekara-shekara, wanda ba ya jiran wani biki. Duk wanda ya zo da maganar babban tsere, a tambaye shi nawa za a biya, shekara nawa, wa zai iya sayen tikiti, wa kuma zai ɗauki alhakin ran da aka rasa. Ga ɗalibai kuma, musamman na fannin injiniya, ku sani kowane direba ɗaya na Formula 1 akwai ɗaruruwan ma'aikata a bayansa, kuma garin da ya harhaɗa Fijo shekara da shekaru bai rasa hannayen da za a koya wa wannan aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.